Baƙin Ƙahon Laminu

A wata na uku da fara shan maganin tarin fuka, Mainassara ya soma komawa baya. Matarsa Zahara'u ce ta fara lura, domin ita ke ba shi ƙwayoyin kowace safiya kafin ya sa komai a baki, kamar yadda Majo Abdulwahab, shugaban gidan likita na Dogo-Dogo, ya umarta. Watanni biyun farko sun zo da sauƙi. Tarin ya lafa, zufar dare ta ɗauke, har ya fara tambaya ko da sauran tuwo a tukunya. Sai kuma al'amari ya juya. In ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Mura ta kama shi ta sake shi, kafin kasuwa ta zagayo ta dawo. Gefen bakinsa ya tsattsage, wani maruru ya fito masa a cinya, ya ƙi nuna, ya ƙi bajewa.

Da ruwan shuka ya sauka, yayansa Laminu ne ya shuka masa gero da wake. Amma da lokacin noman fari ya yi, Mainassara ya ɗauki hauya, ya ce wanda ya kwanta da damina bara zai yi da rani. Bai kai tsakiyar gona ba. A amalanken jaki aka kawo shi gida, yana haki kamar wanda kura ta kora.

Zahara'u ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar itacen bedi, ta koma madafa ta zauna tana kallon murhu. Ta tuna abin da Majo ya faɗa ranar da aka fara maganin: akwai irin tarin da ba ya jin waɗannan ƙwayoyi, wanda ya same shi Damagaram ake kai shi, ya yi watanni ba ya ganin gida. Ta san mutum ɗaya da aka kai, Sadisu na ƙauyen gabas da su. Damina biyu gonarsa tana hannun mutane, da ya dawo kuma kunne ɗaya ba ya ji. Abin da ya fi damunta shi ne, an ce tsallake magani ke jawo irin wannan. Ita kuwa ta san ko ranar da ta yini a gidan suna sai da ta ba shi kafin ta fita. Amma wa zai yarda? A bakin rijiya har an fara cewa mace mai 'ya'ya huɗu da awaki ba ta rasa mantuwa.

A duk dangi ba wanda ya kai Laminu kula da marar lafiyar. Wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Shi ya riƙe Mainassara tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shi ya yi wa 'ya'yansa askin suna. Tun da aka ce cutar ta daina yaɗuwa, ba ya barin kwana bakwai su wuce bai zo da zabirarsa ba. Yakan zaunar da ƙaninsa a kan turmi a kife, ya tuɓe masa riga, ya ciro wani baƙin ƙaho mai santsi wanda kakansu ya bari. Da sauran ƙahonni yake wa jama'a aiki, wannan kuwa sai 'yan gida. Ya kafa shi a bayan Mainassara, ya zuƙe iska ta ƙaramar ƙofar da ke tsininsa, ya toshe. In fata ta taso sai ya cire, ya tsattsaga wurin da aska da sauri, ya mayar da ƙahon, ya sake zuƙa. Haka zai bi kafaɗa da kafaɗa, ya gangaro haƙarƙari. Abin da ya taru yakan juye shi a ɗan rami da ya tona a gindin darni.

“Kin gani ko, 'yar Kawu?” yakan ce da Zahara'u, ba tare da ya dubi fuskarta ba. “Baƙi ƙirin, ya daskare kamar hanta. Mataccen jini ke nan. Ƙwayar likita tana kashe ciwo a ciki, amma gawar wa zai fitar? Sai mu.”

“Allah ya saka da alheri, Yaya,” ita kuma takan ce, daga bayan zana.

Daga nan sai ya hura gawayi ya ɗora shayi, mai kauri, irin wanda ke manne wa harshe. Da Mainassara ya gama cin abinci sai ya miƙa masa kofin farko, wai ya ji ƙarfi. Abincin kuwa ba wani abu ba ne, kunu ne da tuwo miyar kuka. Uwarsu, Gwaggo Dije, ta hana a ba shi nama da ƙuli-ƙuli da duk abin da ke da maiƙo, domin tun tana yarinya ta san maiƙo ke tayar da tari.

Zahara'u ba baƙuwa ba ce a gidan. Gwaggo Dije ƙanwar mahaifinta ce, saboda haka ita da Laminu da Mainassara taubasai ne, ita 'yar namiji, su 'ya'yan mace. Tana yarinya ba wanda ta raina kamar Laminu. “Bawana” take ce masa. Ta taɓa zuba masa ƙaiƙayi a hula, ta taɓa sayar da takalminsa wa mai alewa. Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama, takan tare shi a hanya ta karɓi shararta, kyautar da taubashi ke bin taubashi, ko da goro ɗaya ne. Ranar da aka ɗaura mata aure da ƙaninsa wannan duka ya mutu. Ya zama yayan miji. Shekara goma sha wani abu ke nan ba ta kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi ba.

Washegarin faɗuwar mijinta a gona, Zahara'u ta sa aka kira mai kabu-kabu. Aka sa Mainassara a tsakiya, ita a baya tana riƙe da shi, suka bi rairayi zuwa Dogo-Dogo.

Majo Abdulwahab mutum ne marar yawan magana. Ya ɗora Mainassara a sikeli, ya duba. Ya tambayi Zahara'u yadda take ba da maganin, ta faɗa masa. Ya sake tambayarta ta wata hanya, ta sake faɗa masa abu ɗaya. Sai ya ja fatar idon Mainassara ƙasa da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Ya buɗe tafin hannunsa, ya ajiye nasa kusa da shi. Na Majo ja ne, na Mainassara kamar an wanke shi da toka.

“Ɗaga rigar in saurari ƙirjin.”

Mainassara ya ɗaga gaba.

“Har baya.”

Majo ya zagaya da abin sauraronsa, sai ya tsaya. Bayan Mainassara ya cika da zagaye-zagayen tsaga, wasu sun warke sun yi fari, wasu da ɓawo, na kwanan nan kuma ko bushewa ba su gama yi ba.

“Wa ya yi wannan?”

“Yayana ne. Ƙaho ne kawai.”

“Na ga ƙaho ne. Sau nawa?”

“Duk mako. Wani lokaci in jikin ya yi nauyi, ya ƙara.”

“Tun yaushe?”

Mainassara ya waiwayi matarsa. Ta ce tun bayan awon da aka yi na ƙarshen wata na biyu.

“Me ya sa ba ku gaya mini ba?”

“Majo, in na yi aski ma sai na gaya maka?”

Ba gatse ya yi ba, har zuciyarsa ya tambaya. A gidan wanzamai ƙaho da aski duk abu ɗaya ne, ba wanda ke lissafa su cikin jinya. Majo ya koma kujerarsa ya zauna. Ya ce ba zai yi musu alkawarin komai ba. Mai yiwuwa tarin ne ya ƙi magani, mai yiwuwa kuma wani abu ne dabam. Za su tafi babban asibiti a Magariya, a saka majinarsa a na'ura, a kuma auna jininsa. Amsar da ta fito ita za ta nuna ko gida za su koma ko Damagaram za su wuce.

“Ki tafi da kayan sawarsa,” ya ce da Zahara'u. “Ko da dai.”

Wannan “ko da dai” ita ta raka ta har Magariya. A motar kasuwa, tsakanin buhunan ridi da wasu fatake masu zancen canjin naira, ta riƙa lissafin wanda za ta bar wa yara, da wanda zai ɗaure awaki, da abin da za ta ce wa Gwaggo. Sun sauka a gidan wata 'yar ƙauyensu da ke aure kusa da tasha. Da safe aka karɓi majina, aka ɗebi jini. Ma'aikacin da ya ɗebi jinin ya ɗaga 'yar kwalbar ya kalla a haske, ya ce, “Malam, wannan jini ne ko zoɓo aka surka?” Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Sai da rana ta karkata aka kira su. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Zahara'u ba, da tabarau a goshi. Ta fara da abin da suka zo ji.

“Tarin yana jin magani. Ba irin na Damagaram ba ne. Wanda ke ba shi ƙwayoyin nan bai yi wasa ba.”

Ƙunshin kayan da Zahara'u ta rungume tun safe ta sauke shi ƙasa a hankali. Mainassara ya ce alhamdu lillahi sau uku.

“To me ke kayar da ni, likita?”

“Jininka ne ya yi ƙasa ƙwarai. Akwai wani sinadari na ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, naka ya ƙare.”

“Ƙarfe kuma? Mu wanzamai ne, ba maƙera ba.”

Likitar ta yi murmushi kaɗan. Ta ce ƙarfen ba mai yawa ba ne, daga abinci ake samunsa, amma shi ke sa jini ya ɗauki numfashi ya kai ko'ina a jiki, shi ya sa in babu shi mutum ke haki a kan taku kaɗan. Kuma masu tsaron jiki, waɗanda ke kokawa da cuta, su ma in ya yi ƙaranci hannunsu sanyi yake yi. Murar da ba ta ƙarewa da marurun da ya ƙi warkewa daga nan suke samun ƙofa. Ta ce yawancin masu tarin fuka jininsu kan ragu ko ba a taɓa su ba, domin in cutar ta shiga, jiki kan kulle ƙarfensa kamar yadda ake kulle rumbu in an ji ɓarawo, tunda ƙwayar cutar ita ma tana cinsa. Saboda haka ba kowane mai tari suke ba ƙwayar ƙarin jini da ka ba, sai an auna.

“Wasu rumbun a kulle yake, da hatsi a ciki, in ciwo ya tafi sai ya buɗe da kansa. Kai naka mun leƙa, ba komai. Ba ka zuba ba, kuma duk mako ana ɗiba.”

Ta rubuta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce za su mai da bayan gidansa baƙi, kada su tsorata. Ta ce a ba shi hanta in an samu, da nama, da wake, da zogale, da yakuwa, a matsa lemun tsami. Shayi kuma ya yi nesa da abinci da ƙwayar, domin yana hana ƙarfen shiga jiki. Maganin tari ya ci gaba yadda yake har ya cika watanninsa.

“Ƙaho kuwa, ko sau ɗaya. In aka ci gaba, abin da za mu zuba ta baki zai fita ta baya, watarana a kawo mini shi sai an yi masa ƙarin jini, in an samu mai bayarwa.”

A hanyar komawa Mainassara har ya sayi rake. Zahara'u ta bar shi ya sha daɗinsa har suka wuce Dungas, sannan ta ce, “Maigida, wa zai gaya wa Yaya?”

Ya daina tauna.

Ta san amsar tun kafin ta tambaya. Mainassara bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, balle yanzu da Laminu ke barin gonarsa yana nome tasa. A ce masa hannunsa ne ya kayar da ƙaninsa, da ƙahon kakansu, wannan ba magana ba ce da za ta fito daga bakin Mainassara. Da suka isa gida ya ba da labari rabi. Ya ce tarin yana jin magani, aka yi ta hamdala, Gwaggo Dije ta yi guɗa. Ya ce an ce ya ci nama, Gwaggo ta ɓata rai, amma ta ce tunda likita ta faɗa. Da ya zo kan ƙaho sai ya ce, “Sun ce a ɗan rage.”

“Haka suke cewa kullum,” in ji Laminu, yana dariya. “Likita da wanzami, ai kura da kare ne. Ƙaho sunna ne, ƙanina. Za mu rage, zan riƙa kafa shi wuri uku maimakon biyar.”

Zahara'u tana bayan zana tana jin su. Da suka keɓe ta yi wa mijinta magana, ya ce ta yi haƙuri, uku ba wani abu ba ne, zai san yadda zai yi. Ta je wa Gwaggo, Gwaggo ta ce ita ba za ta shiga tsakanin wanzami da zabirarsa ba, da ƙahon nan aka yi wa mijinta, kuma ya kai tsufa. Ta yi tunanin komawa wurin Majo ya aiko a kira Laminu. Amma in ma'aikacin gwamnati ya kira wanzami ya yi masa faɗa a kan sana'arsa, kafin la'asar labari ya kai kasuwa, kuma kowa zai san wadda ta kai ƙara. Tarin zai warke, gidan ne ba zai warke ba.

Ana cikin haka watan cika-ciki ya kai goma. Aka yi tuwo da yawa kamar yadda aka saba, aka yanka zakara, kowa ya ci har ya bari. Da hantsi washegari, gidan cike da 'yan uwa da suka zo gaida Gwaggo, sai ga Laminu da zabira a kafaɗa. Ya gaida uwarsa, ya sa aka kife turmi, ya ce Mainassara ya zo. Mainassara ya tashi yana jan ƙafa, ya zauna, ya fara cire riga. Bai dubi ɓangaren madafa ba.

Zahara'u tana tankaɗe. Ta ga baƙin ƙahon ya fito daga zabira. A waje ta ji yara suna bin wani taubashinsu da ihu, suna cewa ya ba su shara. Ta ajiye rariya, ta karkaɗe zanenta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta fito tsakar gida. Ba ta tsaya inda ta saba tsayawa ba. Ta zo har gaban turmin.

“Kai, bawana.”

Wata ƙanwar Gwaggo da ke shan fura ta tsaya da ludayi a baki. Laminu ya ɗago kai, karo na farko cikin shekaru ya dube ta sosai.

“Da ni kike?”

“Akwai wani bawan a gidan nan da ya wuce ka? Shekara nawa ba ka ba ni sharata ba? Ka ga na yi shiru ka ɗauka na 'yanta ka?”

Gwaggo Dije ce ta fara fashewa da dariya, har tana riƙe ciki. Sauran mata suka bi. Laminu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

“La ilaha illallahu. Mai sayar da takalmin mutane ta farka. Inna, kin ga abin da ɗan'uwanki ya haifa?”

“Ni ba ruwana,” in ji Gwaggo. “Tsakaninku ne. Biya ta.”

Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yan silalla. “Ungo, ki sayi alewa, tunda har yau ba ki girma ba.”

“Mayar da tsabarka, ka sayi sabulu ka wanke hular nan. Tun bikina nake ganinta.”

“To me kike so, uwargijiyata? Jakina?”

“Jakinka ya fi ka tsufa. Abu biyu nake so. Ƙahon da ke hannunka, da bayan ƙaninka. Ka bar mini su har a kai amfanin gona gida.”

Dariyar ta ragu. Laminu ya dubi ƙahon, ya dubi bayan Mainassara, wanda ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa.

“Wannan ba abin wasa ba ne, 'yar Kawu. Jinya nake yi.”

“Ni ma ita nake yi, bawana. Ni ina ɗurawa ta sama da ludayi, kai kana kwashewa ta baya da ƙaho. Ramin can na gindin darni ya fi mijina ƙiba. Ka duba ciyawar wurin, ta fi ta gonarka kyau.”

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Laminu ya ce, a hankali, “Mataccen jini ne nake cirewa.”

“An auna a Magariya. An ce mai ran ma saura kaɗan. Kai ne wanzami, ka fi ni sanin jini. Ja idonsa ka gani.”

“Ƙaho sunna ne.”

“Azumi farilla ne, amma an ɗauke wa marar lafiya.”

Laminu ya ajiye ƙahon a kan zabira, ya zagayo gaban ƙaninsa, ya tsuguna. Ya ja fatar idonsa ƙasa kamar yadda Majo ya yi, da ma haka wanzamai suke duba jariri kafin a cire masa beli. Ya duba ɗayan. Ya kama hannunsa ya matsa farce ya saki, yana jiran jan ya dawo. Ya daɗe a tsugune.

“Abin da suka ce ke nan?” ya tambayi Mainassara, ƙasa-ƙasa. “Ba ragewa suka ce ba?”

“Sun ce ko sau ɗaya, Yaya.”

“Ka kasa gaya mini.”

Zahara'u ta dubi zabirar. In Laminu ya ɗauki zabirarsa ya fita yanzu, ta san ba zai sake taka gidan ba sai da dalili mai ƙarfi.

Gwaggo Dije ta gyara zama. “Laminu, shara dai ba a hana ta. Ko kakanka da ya bar ƙahon, taubashiyarsa ta taɓa raba shi da rigar sallarsa, a masallacin idi.”

Laminu ya miƙe. Ya ɗauki baƙin ƙahon, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa wa Zahara'u da hannu biyu, yadda bawa ke miƙa wa uwargijiya abu, har da ɗan rusunawa don mata su samu abin dariya. Suka kuwa samu.

“Ga shi. In kika sayar wa mai alewa, sai na kai ki gaban mai gari.”

“Sauran ɗayan fa?”

Ya ɗauki rigar Mainassara ya jefa masa a kafaɗa. “Rufe mata kayanta.” Sannan ya ciro aska ya fara wasa ta a fata. “Kan dai nawa ne ko? Ko shi ma likita ta hana?”

“Kan na bar maka. Ba komai a ciki.”

Wannan karon har Mainassara ya yi dariya, dariyar ta jawo masa tari kaɗan, ya wuce. Laminu ya yi masa aski tas. Da zai hura gawayin shayi, Zahara'u ta ce sai bayan la'asar, in abinci ya faɗa. Ya ce yau ya ga mulkin mallaka, ya mayar da butar shayin cikin buhu.

Ranar kasuwar Dogo-Dogo da ta biyo baya, da yamma Laminu ya shigo da ƙunshin takarda, ya ajiye a bakin madafa ba tare da ya ce ga abin da ke ciki ba. Hanta ce da ɗan tsokar akuya. Haka ya riƙa yi duk kasuwa. Gwaggo ta ga ana soyawa, ta kau da kai, daga baya ta ce a rage mai dai.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Marurun ne ya fara fashewa ya bushe. Murar ta tafi ba ta dawo ba. Sannan wata safiya Zahara'u ta ga ya tashi daga tabarma ya nufi randa bai dafa bango ba, shi kansa bai lura ba, ita ma ba ta faɗa masa ba. Da suka koma karɓar magani, Majo ya ja idonsa, ya duba bayansa, ya ga ba sabon tabo. Ya tambayi yadda aka yi wanzamin ya haƙura. Zahara'u ta ce shara ta karɓa. Majo ya dube ta ta saman takardunsa, ya ce a makarantar da ya yi ba a koya musu wannan ba.

Noman fari ya wuce Mainassara, amma ya samu maimai. Yakan yi aiki da sanyin safiya, in rana ta ɗaga ya koma gindin gawo ya zauna, Laminu ya ƙarasa. Kafin su tashi, Laminu kan ja masa fatar ido ya duba, kamar mai duba ko gero ya fara ido.

Baƙin ƙahon yana rataye a ɗakin Zahara'u, a ƙusa ɗaya da carbinta. Da aka ɗaure gero aka kai rumbu, watannin maganin suka cika, awon ƙarshe ya fito babu komai, sai ta saukar da shi, ta goge ƙurar, ta kai wa Laminu har zaurensa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa.

“Yaya, ga ajiyarka.”

Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ga ba abin da ya same shi, ya sa a zabira.

“Bayan fa? Shi ma kin dawo da shi?”

“Shi Majo ya ce a bar shi tukuna.”

“To,” in ji Laminu. Ya zuge bakin zabirar. “Ki ce wa ƙanina gobe kasuwa, in zai iya tafiya da ƙafa, mu tafi tare ya zaɓi hantarsa da kansa. Na gaji da mahauta suna cewa na ƙara aure.”